Daga situdiyon Sakkwato zuwa Amurka: Abin da sauyin kiɗan Mdou Moctar ke faɗa wa mawaƙan Arewa

Cikin ƙasa da shekara ɗaya, mawaƙin nan ɗan Jamhuriyar Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta fi sani da Mdou Moctar, ya fitar da kundin waƙoƙi biyu masu ɗauke da kusan waƙoƙi iri ɗaya.

Na farko, "Funeral for Justice", wato jana'izar adalci, ya fito a watan Mayun 2024. Kiɗa ne mai ƙara da ruri, inda jitar lantarki ke kuka kamar ana yanka ƙarfe.

Na biyu, "Tears of Injustice", wato hawayen zalunci, ya biyo baya a watan Fabrairun 2025. A nan an cire lantarkin, an bar jitar katako da murya da amshi.

Babu ɗaya daga cikinsu da za a saka a gidan biki a Sakkwato amarya ta taka. Amma a Sakkwaton ne mutumin ya naɗi kundinsa na farko a shekarar 2008, da irin kiɗan da ake yi wa finafinan Hausa na wancan lokaci.

Yadda ya tashi daga wancan salo ya kai ga wannan, da kuma dalilin da ya sa irin wannan sauyi ke gagarar mawaƙanmu na Arewacin Najeriya, magana ce da ta shafi mutanen Wurno da Rabah da Goronyo fiye da yadda za a zata da farko.

Kundin da memori ya yaɗa

Mdou Moctar Ba'abzine ne daga jihar Tahoua, kuma da harshen Tamashek yake waƙa. Ya taso a gidan da ba a son kiɗa, har sai da ya haɗa jitarsa ta farko da hannunsa, da katako da wayar birkin keke. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa.

Lokacin da ya zo Sakkwato a 2008, situdiyoyin Arewa suna tsakiyar zamanin fiyano. Tun bayan fim ɗin Sangaya na 1999, fiyanon Yamaha ya zama shi ne ganga, shi ne kalangu, shi ne sarewa a waƙar fim. Daga baya aka ƙara da na'urar Auto-Tune mai lanƙwasa murya ta koma kamar ta mutum-mutumi.

Da waɗannan kayan aka naɗi kundinsa mai suna "Anar". Waƙoƙi ne masu taushi, akasari na soyayya, jitar Abzinawa a sama, kiɗan inji a ƙasa, murya kuma a lanƙwashe irin ta waƙoƙin nanaye.

Ba kamfani ne ya rarraba kundin ba. Daga waya zuwa waya ya bi, ta Bluetooth da memori, a tashoshin mota da kasuwanni, har ya kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya ci karo da ɗaya daga cikin waƙoƙin, ya saka ta a kundin "Music from Saharan Cellphones" da kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar a 2011.

Ke nan ƙofar da Mdou Moctar ya bi ya fita duniya, masu haɗa kiɗan Sakkwato ne suka sassaƙa ta, masu tura waƙa a waya kuma suka buɗe ta.

Yadda kiɗan ya sauya

Mai neman sauƙi zai tsaya a inda ya samu karɓuwa. Shi bai tsaya ba.

A 2015 ya fito a fim ɗin "Akounak Tedalat Taha Tazoughai" da aka ɗauka a Agadas, wanda aka gina kan labarin fim ɗin mawaƙin Amurka Prince. A 2019 ya fitar da "Ilana", kundinsa na farko da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa a situdiyo. A 2021 kamfanin Matador na birnin New York ya fitar masa da "Afrique Victime".

A kowane mataki, Auto-Tune da kiɗan inji suna ja da baya, hannun mutum yana shigowa gaba. Ƙungiyar ta tsaya a kan mutum huɗu: shi kansa, da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun mai riƙe ƙasan kiɗa, wanda kuma shi ne ke haɗa aikin.

Abin da suka kawo a "Funeral for Justice" ya yi nisa da waƙar soyayya ta 2008. Waƙa na iya farawa a hankali, sai gudun ganguna ya yi ta ƙaruwa har mai sauraro ya rasa inda zai sa ƙafa. Jitar kan bar karin waƙar gaba ɗaya ta shiga ƙugi da kururuwa. Ƙarar da masu situdiyo kan ɗauka a matsayin kuskure su goge, a nan da gangan aka bar ta.

Maganar da ke ciki ma ta sauya. Akwai waƙar da ta fuskanci Faransa kai tsaye kan abin da ta yi wa Nijar, ƙasar da aka shafe fiye da shekara 50 ana haƙar yuraniyom a yankinta na Arlit alhali yawancin ƙauyukanta ba su da wutar lantarki. Akwai wadda ke kira ga Abzinawa kada su bar harshensu ya mutu. Akwai masu tuhumar shugabannin Afirka kansu.

An gama naɗar kundin kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Shugaba Mohamed Bazoum. Juyin mulkin ya riski makaɗan suna zagayen wasanni a Amurka. Aka rufe iyakoki da sararin samaniyar Nijar, uku daga cikinsu suka kasa komawa gida, har sai da masoyansu suka yi musu karo-karo ta intanet.

A cikin wannan zaman jira ne suka shiga wani situdiyo a unguwar Brooklyn suka sake naɗar waƙoƙin ba tare da lantarki ba. Wannan shi ne "Tears of Injustice". Kundin farko fushi ne, na biyu kuwa makoki ne na mutanen da ba su san ranar da za su ga iyalansu ba.

Ba shi ne na farko ba

A ƙasashen Turawa, sunan da aka fi kawowa idan ana maganar mawaƙin matasa da ya juya wa kasuwa baya shi ne Scott Walker.

Ba'amurke ne da ya yi suna a Ingila. A 1965 da 1966, waƙoƙin ƙungiyarsu ta The Walker Brothers sun hau matsayi na ɗaya a can, 'yan mata na bin motarsu da ihu. Bayan shekara 30, a 1995, ya fitar da kundin "Tilt" wanda tsofaffin masoyansa da yawa suka kasa saurara har ƙarshe.

A kundinsa na 2006, "The Drift", ya sa mai kiɗansa ya riƙa naushin wani ƙaton yankin nama a cikin situdiyo, domin yana neman sautin dukan jikin mutum a waƙar da ta shafi ƙarshen mulkin Mussolini na Italiya. Ya rasu a 2019, kuma a yau waɗannan kundaye masu wuyar saurare suna cikin abin da ake girmama shi da su.

Dalilin irin wannan sauyi a fili yake. Akwai maganar da kiɗa mai daɗi ba ya iya ɗauka. Wanda zai yi waƙa kan kisa da azaba, in ya ɗora ta a kan kiɗan rawa, kiɗan zai ƙaryata baitin.

A kusa da mu ma akwai misali. Tun a ƙarshen shekarun 1970, Mamman Sani Abdoulaye ya naɗi kiɗan fiyanon lantarki zalla a gidan rediyon Nijar, yana juya karin waƙoƙin gargajiya zuwa wani sauti da ba a saba ji ba. Shekara da shekaru ana jin kiɗan a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasar ba tare da an ɗauke shi da muhimmanci ba, sai da aka sake fitar da shi a ƙasashen waje a 2013.

Ƙasar Ɗan Anace ta san kiɗa mai kaushi

Wani zai ce wannan duk al'adar wasu ce, Bahaushe bai san kiɗan da ke tayar da hankali ba. Tarihin gabashin Sakkwato bai goyi bayan wannan magana ba.

Daga ƙasar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya fito, makaɗin dambe da noma da har yau ba a yi kamarsa ba. Duk wanda ya saurari waƙarsa ta Shago ya san ba waƙar lallashi ba ce. Murya ce mai tsaga, da kalangu mai zuga, da maganar mutuwa da kabari da lahira a tsakiyar filin wasa. An yi ta ne domin tsikar jiki ta tashi, ɗan dambe ya manta da tsoro.

A maƙwabta, Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta. Muhammadu Gambo na ƙasar Kabi ya yi suna da waƙoƙin ɓarayi kafin ya tuba ya bar su. A ɓangaren fada kuwa, Ibrahim Narambaɗa na ƙasar Isa da Musa Ɗanƙwairo na Maradun sun gina waƙa a kan kotso da amshi mai hawa-hawa, inda 'yan amshi ke karɓe magana daga bakin ubangidansu su ƙarasa ta.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da sautin da ba ya kama da na wani. Da jin bugun farko, kafin a buɗe baki, tsoho a Wurno zai gaya maka ko wane ne.

Sirrin yana cikin kayan kiɗan. Kalangu yana magana ne saboda makaɗi na matse tsarkiyarsa a hammata, sautin ya hau ko ya sauka yadda harshen Hausa ke hawa da sauka. Kotso da taushi suna da nasu lanƙwasar a ƙarƙashin yatsu. Kalangun da ke cikin fiyano kuwa hoton kalangu ne: bugu ɗaya da aka naɗa, ana maimaita shi ba sauyi daga farkon waƙa har ƙarshenta.

Fiyano ya kawo alheri mai yawa. Ya sauƙaƙa kuɗin naɗar waƙa, ya ba yaron da bai gaji kiɗa ba damar shiga sana'ar, ya buɗe wa mata ƙofa, ya samar wa dubban matasa abin yi. Amma ya zo da farashinsa. A yau za ka iya sauraron waƙoƙi 10 na mawaƙa 10 a jere, in ba don sunan da ake ambata a farko ba, ba za ka rarrabe su ba.

Wa ke biyan mawaƙi?

Ba rashin basira ne ya jawo haka ba. Lissafin abinci ne.

Mawaƙin Hausa na zamani yana da ƙofofin samu sanannu: waƙar amarya da ango, waƙar ɗan siyasa, waƙar basarake ko attajiri, waƙar fim, sai kuma abin da YouTube da Audiomack da wasannin sallah ke kawowa. A kusan dukkansu, akwai wanda ya biya kafin a shiga situdiyo, kuma ya san abin da yake so ya ji. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kundin waƙa a matsayin aiki guda, wanda ake saurara daga farko zuwa ƙarshe, kusan ya mutu tare da kaset da faifan CD. A rumfar masu tura waƙa a kasuwar Achida ko ta Goronyo, ana cika wa mutum memori da ɗaruruwan waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan, kuma ko sisi ba ya komawa ga mai waƙar. A TikTok kuwa, 'yan daƙiƙoƙin da za a iya rawa da su ne kawai ke tafiya. Waƙar da ke buƙatar minti biyu kafin ta kama mutum ta faɗi tun ba a fara ba.

Ba wai mawaƙanmu ba sa sauya salo ba ne. Naziru M. Ahmad ya fito daga waƙoƙin finafinai ya koma salon fada mai amshi, har Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa shi Sarkin Waƙa a 2018. Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, ya daɗe yana gina waƙa a kan zurfin Hausa da tarihi. Wasu sun bar soyayya sun koma siyasa, wasu sun koma bege.

Sai dai idan aka duba da kyau, sauyin da ke yin nasara a wurinmu shi ne tashi daga hannun mai biya zuwa hannun wani mai biyan. Abin da babu shi ne wurin da mawaƙi zai tsaya na shekara ɗaya ya yi aikin da babu wanda ya yi odarsa.

Mdou Moctar ya samu wannan wuri ne saboda kuɗinsa na fitowa daga tikitin wasanni da sayar da faifai a Amurka da Turai. Scott Walker ya samu saboda akwai kamfanonin da suka yarda su jira shi shekara 10 tsakanin kundi da kundi. Mawaƙin da ke zaune a Sakkwato ko Gusau ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun.

Akwai kuma tsoron hukuma. A 2009 an kama Aminu Ala a Kano aka gurfanar da shi kan waƙarsa ta "Hasbunallahu", bisa zargin fitar da ita ba tare da izinin hukumar tace finafinai ba. Darasin da sauran mawaƙa suka ɗauka daga irin wannan shi ne, waƙar soyayya ba ta kai mutum gidan yari.

Abin da ba a rera ba

A nan ne maganar ta dawo gida.

A watan Yulin 2018, 'yan bindiga sun kai hari Tabanni da ƙauyukan kewaye a ƙasar Gandi, suka kashe gomman mutane, dubbai suka yi gudun hijira zuwa garin Gandi. Ƙasar da ta haifi Ɗan Anace ke nan, kuma ƙaramar hukumar da aka haifi Sardauna Ahmadu Bello.

A watan Oktoban 2021, an buɗe wuta a kasuwar Goronyo ranar da take ci, aka kashe fiye da mutum 40. Kafin wannan da 'yan makonni, gwamnatin jihar ta sa an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23, ciki har da Goronyo da Rabah.

Tun daga lokacin, labarin yankin bai sauya sosai ba: harajin da ake ɗora wa ƙauyuka kafin a yi noma ko girbi, satar mutane a hanya, gonakin albasa da shinkafa a fadamar Rima da ake bari saboda tsoro, matan da ke bara a titunan Sakkwato da yara a bayansu.

Yanzu a tambayi kai: wace waƙa ce ta wannan zamani za a saka wa jikokinmu a ce musu ga yadda abin ya kasance?

An yi waƙoƙin addu'a da na neman zaman lafiya, kuma an gode wa masu su. Amma yawancinsu a kan kiɗan da ake yi wa amarya aka ɗora su, da murya mai santsi iri ɗaya. Mai sauraro zai ce amin, ya wuce zuwa ta gaba. Ba su tsayar da kowa ba.

A ɗaya gefen kuma, waƙoƙin da ke kambama jagororin 'yan bindiga sun yi yawo a wayoyi, har ta kai jaridu suna rubutu a kansu. Waɗannan sun ari abin da mawaƙan birni suka yar: zuga, da kirari, da kaushin kiɗan maza. Gadon Ɗan Anace da Kassu Zurmi bai ɓace ba. An bar shi ne a hannun waɗanda bai kamata ba.

Kuma a watannin da babu layin waya, babu YouTube babu TikTok a waɗannan garuruwa. Memori da Bluetooth da rediyo ne suka rage, wato hanyar da ta ɗauki "Anar" daga Sakkwato zuwa Mali. Hanyar tana nan da ranta. Tambayar ita ce abin da ake ɗora mata.

Hujjojin masu ja

Akwai masu ganin wannan kira bai dace ba, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne.

Na farko, mutumin da ya kwana a daji saboda tsoron hari ba ya buƙatar a tuna masa da kukan bindiga. Waƙar soyayya hutu ce gare shi. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai cewa a daina ta. Amma al'ummar da waƙarta duka hutu ce, ba ta da abin da za ta miƙa wa na nesa ya ji zafinta. Mutumin Abuja ko Legas da ke jin Hausa, alƙaluman mamata sun daina girgiza shi tuntuni.

Na biyu, ana cewa kiɗan Mdou Moctar na kunnen Turawa ne, su ke saye, su ke yabo. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin kamfanin da ke fitar masa da kundi da jaridun da ke yaba shi duk na waje ne, kuma mawaƙin da abincinsa ke waje yana iya wayar gari yana yi wa baƙi wasan abin da suke so su gani. Sai dai gudun ganguna da ƙarar jitar da ke cikin kundayensa daga bukukuwan auren Agadas suka fito, inda ake kiɗa a fili da tsofaffin lasifikoki, kuma bai bar harshensa ya koma Turanci ko Faransanci ba.

Na uku shi ne addini. Wurno gari ne na ribaɗi, can kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake tun 1837, kuma malaman jihadi sun yi magana mai zafi a kan kiɗan shagala. Amma su ɗin ne kuma suka mayar da waƙa makaranta. Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci, ciki har da na makoki da na tarihin yaƙe-yaƙe, aka riƙa kai su ƙauyuka ta bakin jajis. Wanda ba ya son kayan kiɗa yana da wannan tafarki a buɗe: murya zalla da amshi. Kundin Mdou Moctar na biyu ma ya nuna cewa rage kaya na iya fin ƙara su ƙarfi.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, shi ne rai. Mawaƙin da ke zaune a Goronyo ba zai ambaci sunan ɗan bindiga ya kwana lafiya ba, kuma babu mai hankalin da zai tura shi. Amma waƙar makoki ba ta buƙatar sunan wanda ya yi kisa. Sunan ƙauyen da aka tasa, da gonar da ta koma daji, da ranar kasuwar da aka daina ci sun isa. Kuma nauyin ya fi hawa kan manyan mawaƙan da ke zaune a Kano da Kaduna da Abuja, waɗanda ke da suna da tsaro da abin hannu.

Abin da zai yiwu

Ba sai mawaƙin Hausa ya ɗauki jitar lantarki ko ya naushi nama a situdiyo ba. Abin koyi daga waɗannan mutane shi ne sun nemi sautin da ya dace da maganar da ke bakinsu, ko da kasuwa ba ta nema ba.

A wurinmu, wannan sauti yana kusa. Har yanzu akwai masu kalangu da kotso da gurmi da kukuma a garuruwan gabashin Sakkwato da Zamfara, da yawansu rashin tsaro ya raba su da filayen dambe da gayyar noma da suke ci da su. Ɗaukar ɗaya daga cikinsu a kai shi situdiyo a naɗi hannunsa kai tsaye bai kai kuɗin ɗaukar bidiyon waƙa ɗaya a otal ba.

Mawaƙin da ya riga ya yi suna zai iya ware waƙa ɗaya cikin goma ya yi ta don kansa. Tara za su ciyar da gida, ɗaya ta yi abin da taran ba za su iya ba.

Gidajen rediyo irin su Rima suna da rumbun tsofaffin waƙoƙi da kuma masu sauraro a ƙauyukan da intanet ba ya kaiwa. Rabin awa a mako ga sabon aikin da ba na biki ba, ba na siyasa ba, zai ba matasa dalilin gwadawa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ɗalibanta suka rubuta kundaye masu yawa kan makaɗan da suka shuɗe, za ta iya haɗa masu fiyano da masu kalangun da ke raye a ɗaki ɗaya.

Masu sauraro ma suna da nasu rabon. Duk wanda ya taɓa tsallake waƙa a wayarsa saboda daƙiƙa 10 na farko ba su sa shi rawa ba, ya jefa ƙuri'a a kan irin waƙar da za a yi gobe.

Aikin farko na irin wannan zai iya faɗuwa a kasuwa. Na Mamman Sani ya jira fiye da shekara 30 kafin a waiwaye shi. Amma Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A Wurno da Rabah da Goronyo, rayuwa ce ta sauya tun shekarun baya, kiɗan ne har yanzu bai biyo ta ba.